Lemon Cikin Randa

Jikana da ke aiki a Kano ya zo mini da wata tsaraba da ta hana ni sukuni. Wata 'yar bishiya ce a cikin kwano mai ƙyalli, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, amma gindinta ya yi kauri ya tattare kamar fatar tsoho, rassanta sun baje sai ka ce tsamiyar bakin kasuwa. Ya ajiye ta a gabana yana murmushi, wai ado ne, wai mutanen wata ƙasa mai nisa ne suka ƙware a kai, suna datse saiwa suna lanƙwasa reshe har itace ya tsufa bai girma ba. Ya zaci zan riƙe baki don mamaki. Na sa masa albarka, na ce a kai ta inuwa kada rana ta ƙone ta. Abin da na kasa gaya masa shi ne da irinta na tashi, kuma mu ba don ado muka yi ba. Tun ranar zuciyata take komawa wani lambu da yanzu ko alamarsa babu, don fadamar gaba ɗaya an yanka ta filaye, an cika ta da bulo da kwano, babura suna ta karakaina a inda muke dashen albasa.

Mu baƙi ne a ƙasar Kazaure. Baba Babarbare ne, daga gabas ya taso a wata shekara ta yunwa, shi da Inna da jaki ɗaya, ni ina goye. Suka yi ta tafiya har suka yada zango a wani ƙauye da ke cikin kwari, tsakanin duwatsun Roni da na Gwiwa. A wancan zamani ƙasa tana hannun sarki, sarki ya ba hakimi, hakimi ya ba dagaci, kuma abin da dagaci ya faɗa a kan gona shi ke nan an gama. Dagaci bai ƙi mu ba, ya nuna wa Baba daji a bayan duwatsu ya ce ya sare ya noma. Amma wuri ne na tsakuwa, inda za ka haƙa rijiya har ka gaji ba ka ga danshi ba, shi kuwa Baba mutumin lambu ne tun kakanninsa, idan babu ruwa kusa hannunsa a ɗaure yake. Fadama kuma duk da masu ita. Wanda ya ji tausayinmu wani Bafulatani ne mai shanu, da muka tashi muna ce masa Baffa. Shi ya ba Baba aron wani yanki na filin gidansu a bakin fadama, ya ce ya kafa ɗaki a tudun, ya yi lambu a gangaren.

Aron ƙasa yana da sharaɗi ɗaya da kowa ya sani, ko ba a faɗa ba. Ka shuka duk abin da za a girbe a cikin shekara, amma kada ka dasa itace. Itace shaida ne. Wanda ya dasa shi a wuri, ya yi saiwa ya yi 'ya'ya, to ya kafa ƙafa ke nan, gobe 'ya'yansa za su tsaya a gaban dagaci su ce ga itacen ubanmu, kuma za a saurare su. Saboda haka a lambunmu ko zogale ba mu kafa ba, Inna sai ta aika maƙwabta idan tana son ganyen kwaɗo. Yaran yanzu idan na ba su wannan labari sai su yi dariya. Su da suke sayen fili da takarda, su tsaya a bakin titi su sayi mangwaro a leda, su dasa da safe akuya ta cinye da yamma, ko a jikinsu. Ba su san akwai lokacin da mutum zai shekara ashirin yana shayar da ƙasa da guminsa, amma ba shi da ikon binne ƙwallon goba a cikinta ba.

Kukan jigo ne yake tashinmu. Da an sallame sallar asuba sai ka ji shi daga kowane ɓangare na fadama, itacen yana ƙara yana sunkuyawa, guga ya faɗa rijiya, ruwa ya biyo 'yar hanyarsa yana shiga fangali bayan fangali, wato 'yan ɗakunan ƙasa da ake tada wa baki don su riƙe ruwa. Kwaɗi suna yin shiru, kurciyoyi suna karɓa, can kuma shanun Baffa suna gangarowa mashaya. Muna da albasa da gauta da kuɓewa, da barkono da yakuwa da alayyahu, kabewa kuma tana hawa darni yadda ta ga dama. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma a kan shuka bakinsa ba ya gajiya. Ba ya yarda a ba da ruwa da tsakar rana, yana cewa wanda ya yi haka dafa shukarsa yake yi. Ba ya yarda ɗanyen kashin shanu ya taɓa fangali, sai an tara shi ya sha damina ya huce. Dashe sai bayan la'asar, kuma sai an rage wa irin albasa ganye, don kada ya wahala da ɗaukar kaya kafin ya kama ƙasa. Idan ƙwari suka sauka wa gauta, toka za mu barbaɗa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Inda albasa ta zauna bana, baɗi wake ko rama za a sa. Iri kuwa daga ɗan fari mafi kyau ake cire shi, a shanya, a zuba a gora da toka, a rataye inda hayaƙin murhu yake kaiwa. Yanzu inji ne yake ruri a bakin rafi, a watsa takin buhu, a fesa magani, tumatir ya fito jawur kamar an shafa masa fenti, ka yanka ka sa a baki ka ji ruwa zalla. Na sani ana samun amfani fiye da namu, ba na musu, amma miyar ba ta kai ta Inna ba.

A tsakiyar wannan lambu, kusa da rijiya, akwai wata tsohuwar randa a kan falalen dutse, a cikinta kuma akwai lemon tsami. Da za su baro gabas, Inna ta cika bakin zanenta da lemon gidan kakana, suna tsotsa a hanya saboda ƙishirwa. Na ƙarshen ne Baba ya hana a yar da 'ya'yansa. Da suka sauka ya ga ba shi da inda zai binne su, sai ya nemi randar da ta tsage a gindi, ya zuba ƙasa ya shuka. Itacen da ke cikin randa ba ya cikin ƙasa, ana iya ɗora shi a jaki a tafi da shi, don haka ba wanda ya ce an karya sharaɗi. Niyyarsa ya riƙe shi a nan har ranar da Allah zai ba shi wurin kansa mai ruwa. Ranar ba ta zo ba, lemo ya yi ta tsufa a randa, ni ina girma a waje. Inna takan ce mini, "Je ka ba ƙaninka ruwa," kuma har na yi aure ban daina jin haushin wannan magana ba.

Yadda Baba ya hana shi girma, a wurin itatuwan kan dutse ya koya. Duk wanda ya hau duwatsun Roni ya ga irin ɓauren nan da ke fitowa a tsagin dutse, ya shekara aru-aru bai wuce gwiwa ba, amma yana nan da ransa. Kowace bazara, idan hadari ya fara haɗuwa, sai mu kwantar da randar a hankali, ya zaro lemon da ƙasarsa, ya zauna a inuwa ya ɗora shi a cinya. Da tsinke yake warware saiwar, ya bi doguwa da wadda ta naɗe ya yanke da aska, ya shafa toka a bakin yankan. Ya zuba tsakuwa a gindin randa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, sannan sabuwar ƙasa, yashi da baƙar ƙasar fadama da tsohon taki. Gwargwadon saiwar da ya rage, gwargwadon reshen da zai rage a sama. Reshen da ya miƙe yana neman sama sai ya ɗaura masa igiyar rama da ɗan dutse ya sunkuyar da shi. Bayan nan a bar shi a inuwa har ya farfaɗo. Idan ya yi fure, Baba yakan bi ya tsinke, wai ba shi da ƙarfin ɗaukar 'ya'ya a wannan ƙunci. Ina yaro abin yana burge ni. Da na yi hankali sai ya koma ba ni tausayi, wani lokaci har in kau da kai idan ya ɗauko askar.

Baffa kuwa ya samu abin tsokana. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, to su biyun sun riƙe shi da hannu biyu. Ba ya wucewa da shanu bai leƙo ta kan darni ba.

"Kai Babarbare, har yanzu kana kiwon itace a tukunya? Yaushe za ka dafa mana shi?"

"Ranar da ka koyi cin miya, bawana," in ji Baba. "Mutumin da bai san komai ba sai nono, ina ruwansa da lemo?"

"Ji mini baƙo da baki. A filina kake zagina?"

"A filinka, da albasata a cikinka."

Sai su yi dariya, Baffa ya tsallako ya zauna a bakin rijiya. Kowace shekara bayan kaka Baba yakan je gidansa ya sake roƙon aron, kamar yau aka fara, shi kuma ya ce ya ba shi. Ban taɓa jin wata magana mai ɗaci ta shiga tsakaninsu ba.

Ina da sabon aure ciwo ya kama Baba. Tari ne ya fara, sannan ƙafafu suka kumbura, har ya zama daga ɗaki sai bakin ƙofa. Lambu gaba ɗaya ya dawo wuyana, ni ne jigo, ni ne dashe, ni ne kai albasa kasuwar Babura a kan jaki. Da bazara ta zo na ce masa lokacin randa ya yi, ya ce kada kowa ya taɓa, shi zai yi da kansa idan ya ji sauƙi. Sauƙin bai samu ba. Damina ta sauka da ƙarfi, ruwa ya kwaso laka daga tudu ya shafe falalen dutsen, ya binne gindin randar. Wata bazarar ta sake zagayowa, ya sake cewa a dakata masa. A damina ta biyu lemo ya canza kamar ba shi ba. Ganyensa ya yi duhu yana sheƙi, sababbin rassa suka tsinke igiyoyin suka miƙe, sannan ya yi fure fari fat, ƙamshi har cikin ɗakin da Baba yake kwance. Inna ta yi murna irin wadda na daɗe ban gani a fuskarta ba. Ta ce wannan alama ce, mai gidan zai tashi. Ni ma na yi murna, na ɗauka takin da na ƙara masa ne. Baba dai da aka gaya masa sai ya juya fuska bango. Ina zaton tun ranar ya gane, amma Allah ne masani.

Bayan kaka, ana shirin dashen albasa, Baffa ya zo dubiya da ƙwaryar nono. Ya tsokani Baba kamar kullum, ya ce Babarbare ragon banza, ciwo kaɗan ya kwanta. Da ya fito sai ya ce in raka shi lambu. Ya tsaya a gaban lemon, wanda a lokacin ya kai kafaɗata, 'ya'ya ƙanana sun cika shi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya jingine sandarsa, ya sa gwiwa ya tura randar. Ko motsi ba ta yi ba. Ya tsuguna ya tone lakar da hannunsa, sai ga saiwa mai kaurin babban yatsa ta fito ta tsagin nan, ta bi gefen dutse ta nutse cikin ƙasa. Na jira ya yi wasa, ko da guda ɗaya ne, bai yi ba.

"Ɗana," ya ce, "mu koma wurin mahaifinka."

A ɗaki ya zauna a bakin tabarma, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Inna tana daga bayan ƙofa.

"Malam, itacenka ya sauka ƙasa."

Tun da nake ban taɓa jin ya kira Baba da Malam ba.

"Na ji a jikina," in ji Baba.

"Da filin nawa ne ni kaɗai, wallahi da ban buɗe baki ba. Amma ka sani na gado ne, ina da ƙanne, suna da 'ya'ya. Su suka fara gani, sun ce itacen tukunya ba ya irin wannan 'ya'ya. Ɗaya har ya kai maganar kunnen mai unguwa. Sun ce ko a yanke saiwar kafin dashe, ko ku tashi daga lambun. Na rasa bakin da zan kare ka da shi."

"Ba ka yi laifi ba. Je ka, zan aiko maka."

Da ya tafi na ce to ai da sauƙi, a kawo aska a yanke. Baba ya girgiza kai. Ya ce lemon ya riga ya mayar da ransa kan wannan saiwa guda, na cikin randa sun shaƙe sun mutu, kuma ga rani yana shigowa. Idan aka yanke, kafin wata ya ƙare ya zama itacen wuta. Nan Inna ta shigo, ita da ba ta saba sa baki a maganar maza ba.

"To a bar shi. Wa ya dasa? Kai ka dasa, ko yaron nan? Allah ne ya dasa abinsa. Shekara nawa muna juya ƙasar nan, da muka zo ban da ƙaya me ke cikinta? A je gaban dagaci, in ya ƙi a je gaban alƙali a Kazaure."

Ni ma jinina ya hau. Ina da ƙarfi a lokacin, ina da mata da ciki, kuma na gaji da zaman ɗan aro. Na ce gaskiyar Inna ne, akwai waɗanda suka yi irin wannan shari'a suka ci, itace yana tsaye da 'ya'yansa kowa yana gani, me ya sa mu kaɗai za mu yi ta sunkuyar da kai. Na faɗi maganganu da yawa, har da cewa Baffa ya ci albasarmu fiye da kuɗin filinsa.

Baba ya bari na gama. Sannan ya ce, "Ranar da muka iso garin nan kana goye, ba ka ga fuskokin mutane ba, ni na gani. Mutum ɗaya ne ya ce mu sauka. Yanzu in tsaya a gaban dagaci in ce masa na yi wa wannan mutum wayo da gindin randa? Ko na ci shari'ar, wa zai ƙara ba baƙo aron ƙasa a fadamar nan?"

"To mu zuba ido a kashe shi?" in ji Inna. "Shi kaɗai ya rage mana na gida."

"Ba za a kashe shi ba. Kuma ba za mu tashi ba."

Bai ƙara bayani ba. Ya ce in je in gaya wa Baffa ya zo da safe da ƙannensa, in kuma roƙi mai unguwa da liman su zo.

Da hantsi muka ɗauko shi a tabarma, ni da wani maƙwabci, muka ajiye shi a bakin rijiya. Rabonsa da lambun ya fi shekara. Ya dubi fangalin da na shirya, ya ce na bar bakinsu ya yi ƙasa, ruwa zai tsallake. Sannan ya dubi lemon. Ya sa na matsar da shi kusa, ya kama wani reshe ya shafa ganyen ya shinshina yatsunsa. Mutane suna tsaye, ƙannen Baffa sun haɗe rai, sun zaci gardama aka kira su. Baba ya ce in miƙo masa taɓaryar da ya sa na ɗauko daga gida. Ya karɓa da ƙyar, ya miƙa wa Baffa.

"Fasa randar."

Baffa ya ja da baya. "Me kake nufi?"

"Wanda ya fasa randa ya rufe gindin da ƙasa, ai shi ya dasa. Ni ban dasa ba, ajiya na yi. Dasa abinka a filinka, da hannunka, a gaban mutane."

"Ba zan iya ba, Malam. Na san daga inda itacen nan ya fito."

"Idan ba ka iya ba, lemon ya mutu, ko mu mu tashi. Zaɓi ɗaya, bawana, rana tana yi."

Wannan kalma ta wasa ita ta karya shi. Ya karɓi taɓaryar ya buga. Randar ta tsufa, bugu biyu ta rabe. Saiwar ciki ta bayyana a dunƙule, baƙa, busasshiya, kamar yadda Baba ya faɗa. Baffa ya durƙusa da babbar rigarsa ya riƙa jawo ƙasa da tafin hannu yana tarawa a gindin, Baba yana gaya masa kada ya rufe wuyan itacen, ya bar masa wurin shan iska. Da ya gama sai Baba ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa.

"Liman, mai unguwa, ku shaida. Wannan lemo na mutumin nan ne da zuriyarsa. Ni da ɗana da abin da ɗana zai haifa ba mu da ko ganye a jikinsa."

Liman ya yi addu'a aka shafa. Mai unguwa ya ce magana ta ƙare, aro yana nan yadda yake. Ƙannen Baffa suka yi sallama suna kallon ƙasa. Inna ba ta fito ba, sai da kowa ya watse ta zo ta tsince ɓaraguzan randar a zanenta ta shige ɗaki. Ni kuwa baƙin ciki ya cika ni har wuya. An bar mana lambu, za mu ci abinci, amma ji nake kamar an sayar da wani nawa ina tsaye. Baba ya ce in ci gaba da ba shi ruwa duk sanda na zo wucewa da guga, don hakkin maƙwabtaka. Na yi, amma na daɗe ba na ɗaga kai in dube shi.

Da rani ya yi nisa lemon ya nuna, rassa har suna sunkuyawa. Jikin Baba kuma ya ƙara tsanani, bakinsa ya yi ɗaci, ko kunu ba ya wucewa. Wata safiya Inna ta dama masa ta kai, ya kurɓa ya ture, ya ce da za a sami ɗan tsami a ciki da ya sha. Na miƙe da sauri na nufi ƙofa, don daga ɗakin zuwa gindin lemon ba wata tafiya ba ce.

"Ina za ka?" ya ce.

"Lambu, Baba. In tsinko maka."

"Ka tambayi mai shi?"

Na tsaya. Na ce, "Baba, guda ɗaya ne fa. Shi kansa in ya ji an tambaye shi sai ransa ya ɓaci."

"Na faɗa a gaban liman. Je ka tambaya."

Na bi ta gefen lemon na wuce, na hau tudu har gidan Baffa. Na same shi yana kwance wa maruƙa igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ne ya aiko ni, yana roƙon a ba shi lemo ɗaya zai sa a kunu. Baffa ya saki igiyar ya dube ni.

"Haba ɗana. Wannan ma sai an tambaya?"

"Shi ya ce in tambaya."

Ya wuce gaba ina bin sa, ya shiga lambun, ya cire hularsa ya riƙa tsinka yana zubawa, ƙaya tana yagar hannunsa bai kula ba, har hular ta cika. Ya kai ɗakin da kansa, ya durƙusa ya juye a gaban tabarma, lemo ya gangara ko'ina.

Baba ya lalubi guda ɗaya, ya murza shi a tafin hannu, ya kai hanci ya daɗe yana shaƙa. Shekara ashirin da wani abu yana renon itacen nan, ranar ce ya fara riƙe ɗan itacen a hannu. Ya miƙa wa Inna ta yanka ta matsa a kunun, ya sha har ya kusa shanyewa. Sannan ya goge baki ya dubi Baffa.

"Allah ya saka da alheri," ya ce. "Lemonka ya yi kyau bana."

Inna ta ɗauki ƙwaryar ta fita, ni kuma na sunkuya ina tsince sauran ina mayar wa Baffa a hularsa.